Daga Filin Sukuwa na Newmarket Zuwa Wayar Hannu: Asalin Lambobin Cacar Wasanni

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta garƙame shagunan cacar ƙwallo da dama. Wata guda bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da hurumin kula da caca, ta kuma hana Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 aiki a cikinsu. Tun lokacin ake ta muhawara kan haramci da kuɗin shiga, amma ba kasafai ake tambayar inda lambobin nan da matasa ke kira "od" suka samo asali ba. Ni kuwa a ganina a nan gizo ke saƙar.

Caca tsohuwar aba ce. Rumawa sun yi ta a kan tseren keken doki, wasu al'ummai a kan kokawa da dambe. Ba a bar mana bayani mai yawa kan yadda suke ƙayyade abin da za a biya ba. Galibi mutum biyu ne ke yin yarjejeniya, wanda ya ci ya kwashe.

Masu sha'awar lissafi sukan fara labarin daga 1654, shekarar da Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya katse. Daga nan ilimin ƙiyasin yiwuwar abu ya tsiro. Wasu kuma sukan ɗora komai a kan intanet, inda aka fara karɓar cacar wasanni a 1996. Duka biyun ba su gamsar da ni ba. Pascal da Fermat rabon adalci suke nema, intanet kuwa hanya kawai ta buɗe. Lambar da ke kan allo ɗan kasuwa ne ya haife ta.

Sunansa Harry Ogden, mutumin Lancashire, wanda masana tarihi ke ɗauka a matsayin dillalin caca na farko a Ingila. Wajen 1790 ya kafa kansa a filin sukuwa na Newmarket, ya yanka wa kowane doki farashinsa: wannan biyu bisa ɗaya, wancan goma bisa ɗaya. Dabararsa ita ce ya tsara farashin yadda, idan kuɗi ya rarrabu daidai, ko wane doki ya zo na ɗaya, abin da zai biya ba zai kai abin da ya karɓa ba.

Har gobe a kan wannan dabara sana'ar take. Ɗauki wasa guda: masu gida 2.00, canjaras 3.40, baƙi 3.60. Raba 100 da kowace lamba, ka samu kashi 50, da 29.4, da 27.8. Idan ka haɗa za ka ga 107.2, alhali dukkan abin da zai iya faruwa a fili kashi 100 ne cif. Rarar nan ita ce la'adar kamfani, kuma an cire ta tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Wanda ya jera wasa goma masu irin wannan farashi a tikiti guda, ana cire masa la'adar sau goma a jere, har ta lashe kusan rabin ƙimar kuɗinsa. Shi ya sa kamfanoni ke kwaɗaita dogon tikiti.

Faransa ta bi wata hanya dabam. A 1867 Joseph Oller ya ƙirƙiro tsarin tara kuɗin kowa wuri guda, a cire kaso, a raba saura ga waɗanda suka ci. Irinsa ne cacar ful da kamfanin Littlewoods ya fara a Liverpool a 1923, wadda ta yaɗu har Najeriya. Ingila ta haramta gidajen caca a 1853, sana'ar ta koma lungu, sai a 1 ga Mayu, 1961 aka sake buɗe shaguna bisa doka.

Amurkawa suka ƙara nasu. A shekarun 1940 wani tsohon malamin lissafi, Charles McNeil, ya yaɗa tsarin ratar maki a Chicago. Idan ƙungiya ta fi ƙarfin abokiyar karawarta, sai a ɗora mata sharaɗin ta ci da rata, misali fiye da maki 6.5, don masu zuba kuɗi su rabu gida biyu. Kowane ɓangare kan sa dala 110 don cin 100. Dillali ya karɓi 220, ya biya 210, ya riƙe 10. Kafin ɗan caca ya mai da uwar kuɗinsa kawai, sai ya dace a kashi 52.4 cikin 100 na wasanninsa. Daga ƙasa zuwa ƙasa, rubutun farashin ne kawai ya bambanta: 5/1 a Landan, 6.00 a Legas, +500 a Las Vegas, duk farashi ɗaya ne. A 14 ga Mayu, 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi wannan caca, kasuwar ta tumbatsa.

Za a ce ai Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 a kan farashin 5000/1, kamfanoni suka biya miliyoyin fam. Haka ne, sun yi kuskure, kuma sukan yi. Amma asarar kaka guda ba ta rushe la'adar da ake tsinta a kowane wasa, kowace rana.

Addini ya riga ya faɗi hukuncin caca, kuma malamai ba su gaza ba wajen wa'azi. Abin da ya rage shi ne lissafin. Ina roƙon malaman lissafi na sakandare su kai farashin wasa guda cikin aji, su sa ɗalibai su raba su haɗa da hannunsu. Yaron da ya ga 107 inda ya kamata ya ga 100 ya san wa aka tsara wa nasara, kuma da wuya a rinjaye shi da labarin wanda ya ci miliyan da naira ɗari.