Buffon: Daga Bakin Raga Zuwa Ofis

Na san da yawanmu ba mu manta da daren 9 ga Yuli, 2006 ba, da muka yi cincirindo gaban talabijin ɗin makaranta muna kallon wasan ƙarshe na Kofin Duniya. A daren nan ne golan Italiya, Gianluigi Buffon, ya ture ƙwallon da Zidane na Faransa ya sa wa kai, daga bisani Italiya ta ɗauki kofi. Ƙwallo 2 kacal aka zura masa a duk gasar.

An haife shi a 1978, ya fara tsare wa Parma gida a 1995, ya koma Juventus a 2001. A shekarar da ya ci kofin ne aka mayar da Juventus rukuni na biyu saboda badaƙalar alƙalan wasa. Su Cannavaro da Ibrahimovic suka kama gabansu, shi kuwa ya tsaya. Wasa 176 ya buga wa ƙasarsa.

Da ya yi ritaya a 2023, aka naɗa shi shugaban tawagar ƙungiyar ƙasar, kujerar marigayi Vialli. Nan fa aiki ya sake salo. A 2024 Suwizalan ta fitar da Italiya daga gasar Turai da ci 2-0, yana zaune a gefen fili, ba damar miƙa hannu.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan zafin. In mutum ya hau kujera, wasu ke yin aikin, amma in ya ɓaci, shi ake tambaya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.