Inna Ta Sha Shi: Asalin Wani Suna a Ƙasar Daura

A ƙauyukan Baure da Zango, har Mai'aduwa bakin iyaka, idan ƙafar yaro ta mutu ba a cewa ciwo ya kama shi. Cewa ake Inna ta sha shi. Tsofaffin gidanmu da rage murya suke faɗa, don Inna ba a ambatonta da ƙarfi.

A wurin 'yan bori, Inna babbar aljana ce, wasu su ce Bafillatana, wasu Doguwa. An yi imani tsotse jinin gaɓa take yi har ta shanye. Ni dai ban ga wautar kakanninmu ba, abin da ido ya nuna musu suka sa wa suna. Yaro ya kwana biyu da zazzaɓi, gari ya waye ƙafa ɗaya ta yi laƙwas, babu rauni, babu kumburi. Watanni kaɗan ta motse, 'yar'uwarta na girma. Ƙwayar cutar shan inna kuwa ta gurɓataccen ruwa da hannu mai datti take shiga, kuma cikin yara kusan 200 da ta kama, ɗaya kawai take gurguntawa. Wa zai ga sauran? Ɗayan ake gani, sai a ce zaɓarsa aka yi. Daga nan sai gidan boka da girka.

Al'umma ba ta yar da waɗanda suka gurgunce ba. Garuruwan Hausa sun daɗe da sarautar Sarkin Guragu, kamar ta makafi da kutare, mai sasanta rigimarsu da kai kukansu fada. Amma sana'ar da aka bar musu bara ce, kuma wannan yana ci mini rai.

A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a rigakafin cutar. Kano ta dakatar da shi sai Yulin 2004, bayan an samo na Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma mu da Nijar ke ƙofar gidanmu mun san iyaka ba ta tare komai. Sarakuna ne suka juya zukata. Kwamitin da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009 ya sa hakimai da masu unguwanni gaba, su ɗiga wa 'ya'yansu digo biyu a bainar jama'a, mata masu rigakafi su shiga gida-gida, a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a yi alama da alli a bango. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, ko da yake wani nau'inta bai ƙare ba.

Waɗanda ta riga ta shafa suna nan, magidanta ne yanzu, a kan keken da ake murzawa da hannu. A Janairun 2019 ɗan Daura, shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi musu hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yau a wurare da yawa sai an ɗaga mutum da kekensa kafin ya haye matakala.