Furotin masu fitar da magani daga ƙwayar halitta

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani, kuma a jikinsa akwai wasu furotin da ke aiki kamar famfo, suna fitar da guba waje. Idan suka yawaita a ƙwayoyin sankara, sukan kwashe magani kafin ya yi aiki. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa cuta ta bijire wa magunguna iri-iri a lokaci guda.

Mafi shahara a cikinsu shi ne P-glycoprotein, wanda Rudolph Juliano da Victor Ling suka gano a Kanada a 1976. A 2009 aka bayyana siffarsa daga samfurin ɓera. Yana da faffaɗan aljihu mai karɓar magunguna mabambanta. Da makamashin sinadarin ATP yake rufewa ta ciki, ya buɗe ta waje, ya tunkuɗa maganin. Toshe shi na da hatsari, domin yana kare ƙwaƙwalwa, da hanji, da hanta daga guba.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma tana da nata furotin, PfCRT. Sauyin da ya same shi ne ya ba shi damar fitar da kulorokwin daga inda ƙwayar ke narkar da abincinta, abin da ya sa Nijeriya ta koma ga magungunan ACT a 2005. A 2019 masana a Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka zayyana siffarsa da madubin lantarki mai daskarar da samfuri. Sanin siffar na taimaka wa masu neman maganin da famfon ba zai iya kamawa ba.