Daga Layin NITEL Zuwa Data: Yadda Sabis Ya Zama Abin da Yake a Zamfara

Tun da hukumar NCC ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu ke tambaya: kuɗi ya ƙaru, ina sabis ɗin? Amsar tana cikin tarihin kamfanonin waya.

A zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985, tarho na ofisoshin gwamnati ne da gidajen attajirai. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, layukan Najeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, suka fara aiki a Agusta. Layi ɗaya sai da dubban nairori, minti guda naira 50, har Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Cinikin wancan lokaci kira ne da katin waya, shi ya sa masu lema suka cika bakin titi suna sayar da kira.

A ganina, babban sauyin ya zo ne a 2014, mutane kaɗan suka lura. A shekarar MTN ya miƙa turakun sabis ɗinsa kusan 9,000 ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da nasa ga American Tower. Mai gida ya koma ɗan haya. Daga nan kowane ƙarfen sabis ya zama lissafi: kuɗin haya, man janareta, mai gadi, sannan nawa garin zai kawo. Kasuwar ma ta koma data da hadahadar kuɗi, har MTN da Airtel suka buɗe MoMo da SmartCash a 2022. Mai kallon bidiyo a Gusau ya fi manomin ƙauye mai sa katin ɗari biyu kawo riba.

Masu cewa 'yan bindiga ne kaɗai suka kashe sabis a karkara suna da hujja, domin injiniya ba zai kai mai inda za a sace shi ba. Amma ƙauyuka da yawa suna hawa tudu neman sabis tun kafin ta'addancin ya ta'azzara. Rashin tsaro ya tarar da rauni ne, ya ƙara shi.

A Satumbar 2021, bisa buƙatar gwamnan lokacin Bello Matawalle, aka katse sabis a jihar baki ɗaya. Mutane suka riƙa bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa don kiran waya kawai, sai can ma aka rufe. Masu POS suka zauna, tura kuɗi ya tsaya. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, Tsafe da Bungudu suka ci gaba da jira na makonni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a lokacin kowa ya ga cewa waya ta zama kasuwa da banki.

Tunda talaka ya biya ƙarin, wajibi ne NCC da gwamnatin Zamfara su matsa wa kamfanonin su kai turaku masu aiki da hasken rana ƙauyukan Tsafe da Bungudu, a kuma ba su tsaro.