Daga Dandali Zuwa Situdiyo: Kwatancin Shirya Waƙa da Aiwatar da Ita Tsakanin Makaɗan Hausa na 1960–1990 da Mawaƙan Yau

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda ake shirya waƙa da yadda ake aiwatar da ita a bainar jama'a a zamuna biyu na kiɗan Hausa: zamanin makaɗan baka da suka yi tashe tsakanin 1960 da 1990, da zamanin mawaƙan situdiyo wanda ya kankama daga ƙarshen shekarun 1990. An dubi kayan kiɗa, da tsarin ƙungiya, da matsayin 'yan kallo, da hanyar samun abin masarufi. Maƙalar ta gano cewa babban abin da ya sauya shi ne wurin da waƙa take kammaluwa. A da, a fili ake ƙarasa ta, faifai kuma ya ɗauko abin da ya faru a filin. A yau, a situdiyo ake ƙarasa ta, filin wasa kuma ya maimaita abin da ke cikin faifai. Daga wannan sauyi ne sauran bambance-bambancen suka tsiro.

1.0 Gabatarwa

Muhawara a kan waƙoƙin da da na yanzu ta daɗe tana gudana a gidajen rediyo da majalisun hira da ajujuwan jami'a. Galibi takan tsaya a kan abu biyu, wato zurfin Hausa da tarbiyya: masu shekaru su ce waƙar yau ba ta da azanci, matasa su ce zamani riga ne. Irin wannan hukunci yana da wuyar aunawa, domin kowane zamani yana da gwanaye da 'yan rakiya, kuma abin da ya iso gare mu daga waƙoƙin da shi ne zaɓaɓɓen da rediyo da kaset suka adana. Saboda haka wannan maƙala ta karkata ga abin da ake iya gani a kuma kwatanta: a ina ake haɗa waƙa, su wa ke haɗa ta, kuma me ke faruwa idan mawaƙi ya tsaya gaban jama'a.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Tun a 1957 M. G. Smith ya yi bayanin roƙo da alaƙar maroƙi da ubangidansa a zamantakewar Hausawa. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da muhallan da ake yin sa. Ɗandatti Abdulƙadir, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, ya nazarci Mamman Shata a matsayin mawaƙin baka mai gina waƙa a lokacin da yake rera ta. Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita ma'aunan nazarin waƙar baka, irin su gindin waƙa da ɗiya da saɗara da rauji da nau'o'in amshi. A ɓangaren zamani kuwa, Abdalla Uba Adamu ya bi sawun tasirin finafinan Indiya da shigowar fiyano cikin waƙoƙin finafinan Hausa, Brian Larkin kuma ya yi nazarin waƙoƙin bandiri a Kano. Wannan maƙala ta ɗora a kan waɗannan ayyuka, ta hanyar jera zamunan biyu kafaɗa da kafaɗa a kan ma'auni guda, wato aiwatarwa.

3.0 Hanyar Nazari

An saurari waƙoƙin da aka naɗa a faifai da kaset, an kuma kalli bidiyon wasannin da gidajen talabijin suka ɗauka a da, da na bukukuwa da gangamin siyasa da ke yawo a intanet yanzu. An yi amfani da ma'aunan Gusau wajen duba zubi da tsari. An taƙaita misalai ga makaɗa da mawaƙan Arewacin Nijeriya da sunansu ya karaɗe ƙasar Hausa.

4.0 Filin Wasa a Zamanin Makaɗan Baka

Makaɗin baka yana da abin kiɗan da aka san shi da shi, kuma abin kiɗan yakan nuna rukuninsa. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo makaɗan kotso ne na fada. Salihu Jankiɗi da taushi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na III hidima. Mamman Shata da Ɗan Anace da kalangu suka yi suna, Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da Hassan Wayam da kukuma, Barmani Coge da ƙwaryar amada. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ba tare da 'yan amshi ba.

Ƙungiyar kiɗa ita ce makarantar wannan sana'a. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma ƙaramin makaɗi ko ɗan amshi, ya yi shekara da shekaru yana sauraron inda jagora ke hawa da inda yake sauka kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ɗanƙwairo a gidan mahaifinsa ya tashi cikin kiɗa, ya yi wa yayansa amshi, sannan jagoranci ya zo hannunsa.

Wuraren wasa sun haɗa da ƙofar fada ranar Sallah ko naɗin sarauta, da gidan biki, da filin dambe da kokawa, da kalankuwa bayan kaka, da ajo wanda ake haɗawa domin tara gudummawa. Duk wanda ya kalli bidiyon wasan Shata zai ga yadda aikin ke tafiya. Makaɗa na gefe, kowa da kalangu a hammata, yana matse tsarkiya yana saki domin amon ya bi hawa da saukar magana. Shata ya kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe masa, shi kuma idonsa na kan taro. Wani attajiri ya shigo, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, kafin amshi ya zagayo sau biyu an riga an gina masa ɗa a cikin waƙar. Idan ya yi kyauta, sanƙira ya shelanta abin da ya bayar, shelar kuma ta zaburar da na kusa da shi. Amshi a nan yana da aiki na zahiri: shi ke ba jagora sararin numfashi da tunanin saɗarar da za ta biyo baya.

Gaskiya ne makaɗan fada sukan zauna a gida su tsara waƙa tare da yaransu, domin amshinsu na ƙari da karɓi da tarbe ba ya yiwuwa sai da bita. Duk da haka, idan aka zo gaban sarki, ɗiyan waƙa sukan ƙaru ko su ragu gwargwadon wanda ke zaune da abin da ya faru a makon, musamman wajen zambo da habaici. Shi ya sa waƙa ɗaya takan zo da zubi daban-daban. Bakandamiyar Shata shaida ce: naɗe-naɗenta sun bambanta a tsawo da jerin ɗiya, domin yana ƙara mata abin da rayuwa ta ƙara masa.

Faifan garmaho, da Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, da kaset da ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980, sun kai muryoyin nan inda ƙafar masu su ba ta taka ba. Amma abin da suka ɗauka wasa ne da aka yi gaba ɗaya a zama guda, jagora da makaɗa da 'yan amshi suna jin juna.

5.0 Shigowar Fiyano da Situdiyo

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin ƙarshen shekarun 1990, waƙa da rawa irin na finafinan Indiya sun zama jigon kasuwar, kuma fiyanon Yamaha mai ɗauke da amon kayan kiɗa iri-iri ya ba mutum ɗaya damar yin aikin ƙungiya guda. Karɓuwar da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu ta tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai cewa waƙar fiyano tana sayar da fim. A daidai wannan lokaci ne manyan makaɗan baka suke ƙarewa: Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, daga baya Barmani Coge a 2013 da Ɗanmaraya a 2015. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa daga 1999 zuwa 2000 ya sa an taƙaita kiɗan dare a wurare da dama, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Fili ya ƙuntata a lokacin da ɗakin naɗar murya yake buɗewa.

A situdiyo, mawaƙi yakan zo da baitocinsa a rubuce, a takarda ko a waya. Ya rera karin waƙar, mai kiɗa ya ɗora masa amo a kwamfuta, sannan ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya sa waƙar baiti-baiti. Inda ya yi tuntuɓe a goge a sake. Idan akwai muryar mace, tana iya zuwa wata rana dabam ta sa nata, ba tare da sun haɗu ba. Amshi kuwa sau ɗaya ake ɗaukarsa, a riƙa liƙa shi bayan kowane baiti. Daga nan a tace muryar da na'ura, a fitar da waƙa mai minti biyar ko shida wadda ba za ta sake sauyawa ba.

6.0 Taron Waƙa a Yau

Wuraren haɗuwar mawaƙi da jama'a yanzu su ne ɗakunan taro na haya inda ake kamu da dina, da wasannin gala na lokacin Sallah, da gangamin siyasa, da shagalin ɗalibai. A mafi yawansu ba a zuwa da makaɗa. Mai sakin kiɗa a na'ura ne zai sa waƙar, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bin ta da baki, abin da 'yan masana'antar ke kira mamin, ko kuma ya ɗora muryarsa a kan wadda aka riga aka naɗa. Jama'a sun haddace waƙar tun daga gida, suna rerawa tare da shi, wayoyi a sama ana ɗaukar bidiyo. Abin da suka zo nema shi ne su ga mai waƙar ido da ido.

Wannan ya sauya matsayin ɗan kallo. Wanda ya shigo ana tsakiyar waƙa ba shi da ƙofar shiga cikinta, domin kiɗan da ke fita daga na'ura ba ya jira kuma ba ya ƙara tsawo. Mai son a ambaci sunansa sai ya biya tun kafin a shiga situdiyo, shi ya sa waƙar amarya da ango ta zama abin da ake yin odarsa makonni kafin biki. Haka kuma tashe yana iya samuwa ba tare da taro ba ko kaɗan. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen korona, ta hanyar gajerun bidiyon rawa da mutane suka riƙa ɗauka a gidajensu.

7.0 Abin da Ya Ɗore, da Riba da Hasara

Alaƙar mawaƙi da ubangida ba ta gushe ba. Yadda Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato waƙa a jamhuriya ta farko, haka Dauda Kahutu Rarara ya yi fice da waƙoƙin yaƙin neman zaɓen 2015. Fada ma ba ta saki waƙa ba, domin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa. Liƙi yana nan, ko da yake dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta wulaƙanta takardar naira.

Situdiyo ya zo da riba wadda adalci ya wajabta a faɗa. Ya buɗe sana'ar ga wanda bai gaje ta ba, ya kuma rage ƙyamar da ake yi wa mawaƙi a matsayin maroƙi. Ya shigo da ƙa'idojin rubutacciyar waƙa, musamman amsa-amo da daidaiton baiti, kamar yadda ake ji a waƙoƙin Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, wanda marubucin littattafai ne kafin ya shahara a waƙa. Ya ba mata irin su Fati Nijar damar yin suna a faɗin ƙasar Hausa, ya kuma sa sabuwar waƙa ta isa Maraɗi da Kumasi da Garwa a ranar da ta fita a Kano.

Hasarar kuwa tana cikin abin da ba a koyonsa sai a fili: ƙirƙira nan take, da karanta fuskar taro, da fahimtar juna tsakanin jagora da makaɗi. Amon kalangu da ke cikin fiyano ba ya bin karin harshe yadda hannun makaɗi ke bi, saboda haka kiɗa mai magana, irin take da kirarin ganga, yana ja da baya. Idan kuma ba a gayyatar makaɗa, masu sassaƙa kango da masu ɗaure fata za su rasa dalilin koya wa 'ya'yansu.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa gajartar waƙa, da daskarewar zubinta, da raunin amshi, da sauyin matsayin 'yan kallo, duk rassa ne na abu guda, wato ƙaurar waƙa daga fili zuwa situdiyo. Don haka ba daidai ba ne a auna mawaƙin yau da ma'aunin makaɗin baka kaɗai, domin sana'arsa ta fi kusa da ta marubucin waƙa mai aiki da na'ura, kuma tana buƙatar nata ma'aunan. Sai dai fasahar aiwatarwa kai tsaye dukiya ce da ba ta cikin kowane faifai, kuma masu riƙe da ita suna raguwa. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo su riƙa ɗaukar cikakken wasan makaɗan da suka rage, tun daga ɗaure kalangu har zuwa rabon abin da aka samu, su kuma adana naɗe-naɗe daban-daban na waƙa guda domin kwatanci. Masu shirya bukukuwan al'adu kuma su ware fagen da mawaƙan situdiyo za su yi waƙa da makaɗa a bayansu, domin ta haka ne matasan da ke da murya da basira za su koyi ɓangaren sana'ar da na'ura ba ta koyarwa.