Cire Tsatsa da Fenti Daga Ƙarfe da Wutar Lantarki: Nazari Kan Dacewarsa da Sana'ar Dilimi, Jos

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyar ilektirolisis, wato amfani da lantarki a cikin ruwa wajen ɓamɓare tsatsa da tsohon fenti, da yadda za ta amfani makanikai da maƙeran Dilimi. Ta nuna cewa kayan aikin duk suna kusa, matsalar tana ga ruwan da ya rage.

1.0 Gabatarwa

Dilimi, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, matattara ce ta masu sayar da kayan gyaran mota da masu ƙere-ƙere. Daminar Jos kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka ƙarfen da aka jibge a fili ba ya daɗewa bai yi ja ba. Abin da aka saba shi ne gurza da sanfefa ko burushin ƙarfe, wasu har da ruwan batir. Gurza takan cinye haƙoran noti, ruwan batir kuwa ya ci ƙarfen ya ci hannu.

2.0 Yadda Hanyar Take

Tushenta dokokin da Michael Faraday ya tsara a Ingila a 1833 da 1834. Ana zuba ruwa a bahon roba, a narkar da sodar wanki kimanin babban cokali ɗaya a kowace lita 4. A maƙala baƙar wayar cajar batir mai bolt 12 a jikin ƙarfen da za a wanke, jar wayar kuma a jikin guntun rodi, a tsoma su ba tare da sun taɓa juna ba. Wanda ya juya wayoyin, kayansa ne za su zagwanye.

Da an kunna, ƙananan kumfa za su fara tsattsafowa daga jikin ƙarfen. Iskar haidurojin ke nan, ita ce ke shiga ƙarƙashin ɓawon tsatsa da fenti ta ɗaga su, sodar kuma ta tausasa fentin. Wani ɓangare na jar tsatsar yakan rikiɗe ya zama baƙin maganatait, wanda burushi ke sharewa. Bayan wasu sa'o'i ko kwana guda, saman ruwan zai yi kauri kamar miyar da ta kwana. Sai dai ramin da tsatsa ta riga ta ci ba ya cikowa.

3.0 Batun Kanwa

Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin sodar wanki, ga ta kuma a kowace kasuwa. A ganin mai nazarin za ta iya aikin, amma akan same ta gauraye da gishiri, gishiri kuwa idan lantarki ya ratsa ruwansa yana fitar da iskar kilorin mai guba. Saboda haka soda ta fi aminci.

4.0 Haɗurra

Haidurojin tana kamawa da wuta, kuma a Dilimi da wuya ka rasa mai walda a kusa. Dole a yi aikin a sarari, nesa da tartsatsi. Kada a sa ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula, a madadin rodi, domin yana sakin kuromiyam mai haddasa ciwon daji. Alminiyam ma soda tana cin sa.

Abin da ya fi damun mai nazarin shi ne lakar da ke taruwa a bahon bayan aikin. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, ga Kogin Dilimi a gefe, wanda 'yan lambu ke ban-ruwa da shi lokacin rani. Ana kira ga shugabannin makanikai da maƙera da su tanadi durom na tara wannan laka, kada a bar ta ta bi kwata.