Maganin Sa Barci da Ran Majinyaci: Daga Kopenhagen Zuwa Shikago

In ana tarihin sashen kulawa ta musamman a asibiti, na'urar numfashi ake yawan yabo. Ni kuwa ina ganin maganin sa barci ya fi cancantar a bi sawunsa.

A shekarar 1952 annobar shan-inna ta auka wa Kopenhagen, babban birnin Danmak. Cikin majinyata 31 na farko da numfashinsu ya shanye a asibitin Blegdam, 27 suka rasu. Ranar 27 ga Agusta aka miƙa wa Dokta Bjørn Ibsen wata yarinya 'yar shekara 12 tana gargara. Aka huda mata maƙogwaro domin a riƙa tura iska da jakar roba, amma sai ta yi ta fizge-fizge, iska ta ƙi shiga. Ibsen ya yi mata allurar tiyofental. Jikinta ya saki, huhu ya karɓi iska, ta rayu. Daga nan aka jera ɗaliban likitanci suna matsa jakunkuna dare da rana.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Likitoci suka saba da kwantar da majinyaci cikin barci mai nauyi kwana da kwanaki, don mai barci ba ya cizge bututu. A 1983 Ledingham da Watt na Gilasgo suka lura mutuwa ta yawaita tsakanin masu munanan raunuka, alhali raunukan ba su fi na da muni ba. Da suka bi takardun magani, suka tarar waɗanda aka ɗora wa etomidet kashi 77 cikin ɗari sun mutu, waɗanda ba a ba su ba kuwa kashi 28. Ashe maganin yana hana jiki yin kotisol, sinadarin da yake taimaka masa jure wahalar ciwo. Abin lura, ba wata sabuwar na'ura ce ta tona wannan ba, ƙidaya ce kurum. Aka daina ɗura shi na tsawon kwanaki.

A 2000 Kress da abokansa a Shikago suka gwada tsayar da maganin kowace rana har majinyaci ya farka, sa'an nan a mayar da rabinsa in da bukata. Zaman majinyata bisa na'urar numfashi ya sauko daga kwana 7.3 zuwa 4.9.